Tsattsewar teku ta Aktik: da gaske tana cin kilomita 70,000 a shekara, kuma ita ce muke gani a dam?

Ɗan_Kusugu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai saƙon da ake ta turawa a WhatsApp, wai wata tsuntsuwa tana tashi daga ƙurewar arewacin duniya ta je ƙurewar kudu ta komo duk shekara, tafiyar kilomita 70,000. Wai kuma ita ce farar tsuntsuwar nan da ke shawagi a kan dam ɗin Daberam da na Sabke lokacin sanyi. Tambayata biyu ce. Lissafin nan gaskiya ne, kuma da me aka auna shi? Ai kewayen duniyar gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da 'yan kai. Ta biyu, shin ita ce ke zuwa mana nan?

Malamar_Halitta:
Wa alaikumus salam Malam. Rabin saƙon gaskiya ne, rabin kuma an haɗa shi da abin da ba shi ba. Tsuntsuwar da ake nufi ita ce tsattsewar teku ta Aktik, wato yankin ƙurewar arewacin duniya, wadda masana ke kira Sterna paradisaea. Nauyinta kimanin giram 100, wato kamar kurciya, sai dai fukafukanta dogaye ne sirara, in ta buɗe su sukan kai santimita 75. Bakinta ja, ƙafafunta ja kuma gajeru ƙwarai, kanta baƙi daga goshi zuwa ƙeya, wutsiyarta ta rabu biyu da dogayen gashi.

Tana yin ƙwai a Girinlan, Aislan, Norwe, arewacin Birtaniya, Kanada, Alaska da Saiberiya tsakanin Mayu da Yuli. Daga Agusta sai ta kama hanyar kudu, ta isa tekun Antatika wajen ƙarshen Nuwamba, daidai lokacin da rana ta koma can. Lissafin da kuka gani ya fito ne daga binciken da Carsten Egevang da abokan aikinsa suka buga a 2010. Tsuntsaye 11 suka bi, 10 daga Girinlan, ɗaya daga Aislan. Matsakaicin tafiyarsu kilomita 70,900 a shekara. Wadda ta fi kowa ta yi 81,600, wadda ta fi ƙaranci 59,500.

Gobarau_77:
Malama, ban musa ba, amma lissafin bai zauna mani ba. Daga arewacin Girinlan zuwa gaɓar Antatika bai wuce digiri 140 ba, kowane digiri kuma kilomita 111. Ka ga kusan 15,500 ke nan. Zuwa da dawowa 31,000. Ina sauran 40,000 ɗin suka fito?

Mai_Taswira_KT:
Gobarau, lissafinka daidai ne in da a miƙe take tafiya, shi ya sa ma kafin 2010 littattafai kilomita 40,000 suke rubutawa. Amma ba miƙewa take yi ba. Ga yadda aka ga hanyar.

Da suka baro Girinlan ba su wuce kudu kai tsaye ba, sun yada zango a tsakiyar arewacin tekun Atilantika, arewa da tsibiran Azores, kimanin kwana 25 suna kiwo, domin a nan ruwan sanyi da na ɗumi ke haɗuwa, abinci ya yawaita. Daga nan suka gangaro ta gefen Afirka ta Yamma. Kudu da tsibiran Kef Bade sai suka rabu: bakwai suka ci gaba da bin gaɓar Afirka, huɗu suka tsallaka zuwa gefen Burazil. Duk suka sake haɗuwa a yankin tekun Weddell da ke gefen Antatika. Tafiyar kudun nan kaɗai ta ci kusan kilomita 35,000 cikin wata uku. A can ma ba zama suka yi ba, yawon kiwo a bakin ƙanƙara ya ci kusan 11,000.

Komowar ita ce abin kallo. Suna tasowa a Afrilu, su nufo gefen Namibiya, sannan su karkata yamma su tsallaka tekun zuwa ɓangaren Amurka, su sake karkatowa gabas zuwa gida. Hanyar ta yi lanƙwasa biyu, kusan kilomita 26,000, amma cikin kwana 40 suke cinye ta, sama da kilomita 500 kowace rana. Dalilin lanƙwasar iska ce. A kudancin Atilantika manyan iskoki suna juyawa ne saɓanin hannun agogo, a arewaci kuma suna bin hannun agogo. In ta miƙe sai ta yi ta karo da iska, in ta lanƙwasa iskar ce ke tura ta ta baya. Hanyar ta fi tsawo amma ta fi araha wajen ƙarfi.

Hajiya_Ƙofar_Soro:
Tsarki ya tabbata ga Allah. Halittar da za ka rufe da tafin hannu ɗaya. To ruwan sha fa, Malamai? Wata da watanni a kan ruwan gishiri.

Likitan_Dabbobi_Dutsinma:
Hajiya, ruwan tekun take sha, kuma yawancin ruwan da jikinta ke buƙata yana cikin kifin da take ci. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ƙodar tsuntsu ba ta iya fitar da wannan, ta ma fi ta ɗan Adam rauni a nan. Abin da ke cetonta wasu 'yan ƙulli biyu ne a saman idanu, kwance cikin wani ɗan rami a ƙashin kai. Su ke tace gishirin daga jini, su fitar da ruwan da ya fi na teku gishiri ta ƙofofin hanci. Yana gangarowa ta baki, sai ta girgiza kai ta yar. In aka ga tsuntsun teku da ɗigon ruwa a ƙarshen bakinsa yana yawan kaɗa kai, ba mura ba ce, aikin ƙullin nan ne.

Wani abin kuma, duk da tana da fata tsakanin yatsu, ba gwanar iyo ba ce, ƙafar ta yi ƙanƙanta. In za ta huta ta fi son ta sauka kan itacen da ruwa ya kwaso, ko tarin ciyawar teku, ko ƙanƙara mai yawo.

Gobarau_77:
Na gamsu da hanyar, Mai Taswira. Saura tambayar Ɗan Kusugu ta farko: da me aka auna? Tsuntsun giram 100 ba zai ɗauki irin na'urar da ake sa wa mota ba.

Injiniya_Batagarawa:
Ba ta tauraron ɗan Adam ba ce, Gobarau. 'Yar na'ura ce mai nauyin giram 1.4, ana ɗaure ta a jikin zoben roba a ƙafa. Abu uku ne a cikinta: batir, agogo, da ido mai auna haske. Ba ta aika komai ko'ina, tana dai rubuta ƙarfe nawa gari ya waye, ƙarfe nawa rana ta faɗi, kullum, har shekara.

Daga wannan ake fitar da wuri. Tsakiyar fitowar rana da faɗuwarta shi ne zawali. Duniya tana juya digiri 15 a awa, wato digiri ɗaya duk minti 4. Kun san Maiduguri na riga Sakkwato shiga azahar da kusan rabin awa, saboda tsakaninsu digiri 8 ne, 8 sau 4 minti 32. To haka ake gane ko tsuntsuwar tana gabas ko yamma. Arewa da kudu kuma daga tsawon yini ake gane shi, in an san kwanan wata. A Yuni yinin Katsina bai cika awa 13 ba, na Aislan kuwa ya haura awa 20.

Inda matsala take shi ne wurare huɗu. In agogon ya yi kuskuren minti ɗaya, an kauce da kusan kilomita 28 a wajen Ikwaita, don haka dole a gwada shi kafin a ɗaura da bayan an cire. In hadari ya rufe ko tsuntsuwar ta kwanta kan ƙafarta, na'urar za ta ɗauka dare ne. A makonnin da ke kewaye da 21 ga Maris da 23 ga Satumba dare da yini daidai suke a ko'ina, sai lissafin arewa da kudu ya rushe gaba ɗaya, a taswira a bar gurbi. Sannan in ta shiga inda rana ba ta faɗuwa sam, babu abin lissafawa. Ko a lokacin da komai ya tafi daidai, kuskuren wuri yakan kai kilomita 185.

Mafi wuya kuma, sai an sake kama tsuntsuwar nan ɗin dai bayan shekara kafin a karanta. Abin da ya sa ya yiwu shi ne suna komowa wurin da suka yi sheƙa bara.

Ɗalibar_Zuwoloji:
Ƙari a kan na Injiniya: saboda ana samun wuri sau biyu kacal a yini, sai a ja layi miƙaƙƙe tsakaninsu, duk kai-komon da ta yi wajen kiwo ba ya shiga lissafi. To amma kuskuren kilomita 185 ɗin shi ma yana iya kumbura lissafi in ba a tace shi ba. Shi ya sa ban cika son a riƙa faɗin adadin kamar an auna da igiya ba.

Kuma 70,900 ba shi ne ƙarshe ba. Waɗanda aka bi daga Holan, aka buga a 2013, sun yi kimanin 90,000, domin sun zagaya Afirka ta Kudu suka shiga tekun Indiya, har kudu da Ostireliya. Wata daga tsibiran Farne na Ingila, da Jami'ar Newcastle ta bi daga 2015 zuwa 2016, ta yi kusan 96,000. Na'urarta giram 0.7 ce.

Masunci_Daberam:
Allah shi gafarta Malamai, ku dai kun tafi teku kun bar mu a dam. Wanga tsuntsu da ake magana, farare masu yawo bisa ruwa suna sunkuyowa suna ɗaukar abu, suna zuwa da kaka su tafi gab da damina. Masunta duk sun san su. Su ne ko ba su ba?

Malamar_Halitta:
Baba Masunci, dangi ne amma ba ita ba ce. Wadda ta fi yawa a dam da fadamun ƙasar Hausa ita ce mai fararen fukafukai, Chlidonias leucopterus. Tana yin ƙwai a fadamun gabashin Turai da tsakiyar Asiya, ta zo Afirka cin rani. Ga yadda za ku rabe su ko daga cikin kwalekwale.

Ku dubi wutsiya. Ta dam gajera ce, ɗan tsagi kaɗan gare ta. Ta Aktik doguwa ce mai rassa biyu. Ku dubi yadda take kiwo. Ta dam sunkuyowa take ta tsinci ƙwaro a fuskar ruwa ba tare da ta jiƙa jiki ba, har gona takan bi. Ta Aktik takan tsaya cak a sama tana kaɗa fukafukai, ta sauko kaɗan ta sake tsayawa, sannan ta faɗa ruwa da kai ta fito da kifi. Ku dubi girma: ta dam ba ta wuce santimita 23 ba, ta Aktik takan haura 33 in an haɗa da wutsiya. Shaidar da ta fi kowacce ita ce ta Afrilu zuwa Mayu. Kafin su tafi, na dam sukan fara sauya riga, kai da ƙirji da ciki su koma baƙi wuluk, fukafukai kuma su zauna farare. Ta Aktik cikinta ba ya taɓa yin baƙi.

Kada a dogara da jan baki kawai, domin in ba lokacin ƙwai ba ne bakin ta Aktik ma baƙi yake komawa, goshinta ya yi fari.

Masunci_Daberam:
Ƙwarai kau, Malama, suna yin baƙi in zafi ya kama. Akwai kuma wata babba a cikinsu mai kaurin baki, ita hwara take bi.

Malamar_Halitta:
Wannan ita ce Gelochelidon nilotica, Baba. Bakinta baƙi ne gajere mai kauri, fara da ƙadangaru ƙanana take ci, ba ta cika damuwa da kifi ba.

Yaya_Mai'adua:
Ni dai ba zan ce sam ba za a taɓa ganin ta Aktik a nan ba. An tabbatar waɗanda ke tsibiran Farne suna tsallaka tudun Ingila daga gabas zuwa tekun yamma maimakon su zagaya. Ke nan tudu ba ya hana ta. Kuma guguwa takan jefa tsuntsayen teku cikin ƙasa.

Mai_Taswira_KT:
Yaya, wuyan Ingila a wajen bai fi kilomita ɗari da 'yan kai ba, tafiyar 'yan awoyi ce. Mu tsakaninmu da teku kimanin kilomita 800 ne ta kudu, ta arewa kuma Sahara. Abin da ke riƙe ta a gaɓa abinci ne. A gefen Muritaniya da Senegal iska tana kore ruwan saman teku, ruwan ƙasan teku mai sanyi da taki ya taso, ƙananan kifi su cika wurin. Haka yake a gefen Namibiya, haka a Ghana daga Yuli zuwa Satumba. Ba ta da dalilin barin wannan ta shigo Sahel. Ɗaya tilo da ta ɓace hanya, wannan yana iya faruwa, amma sai da hoto mai nuna wutsiya da ƙafa kafin a rubuta.

Yaya_Mai'adua:
A nan muka haɗu, sai da hoto. Amma masu duba dam ɗinmu da madubin hangen nesa ba su da yawa, don haka rashin rahoto ba hujja ba ce mai ƙarfi.

Alhaji_Jibiya_Noma:
Ku bar ni in sako shamuwa, tunda ita kowa ya sani. Ita ma ai tafiya take. Tana zuwa mana gab da damina ta yi sheƙa bisa itatuwan gari, da kaka ta ɓace. Ina take zuwa?

Ɗalibar_Zuwoloji:
Alhaji, shamuwarmu ba ta fita Afirka. Ruwan sama take bi. In damina ta ƙare a Sahel sai ta bi ta gabashin Afirka ta gangara Zambiya, Zimbabuwe, Botsuwana har Afirka ta Kudu, inda daminarsu ke farawa a Nuwamba, fara da tsutsa su fito. Tashinta ma daban ne: zafin da ke tasowa daga ƙasa take hawa tana kewayawa ba tare da kaɗa fukafukai ba, shi ya sa ba ta iya ratsa babban teku, a kan ruwa babu irin wannan zafin. Tsattsewar teku kuwa da ƙarfin fukafukanta da iskar gefe take tafiya.

Injiniya_Batagarawa:
In ana maganar tashi ɗaya ba saukowa, ba ta Aktik ke riƙe da kambu ba, ita tana tafe tana ci. A Oktoban 2022 wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki, ɗan wata biyar, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Shi kitse ya tara kafin ya tashi. Dabara biyu ce daban.

Hajiya_Ƙofar_Soro:
To 'ya'yanta fa, yaushe suke ƙwari har su bi wannan hanya?

Likitan_Dabbobi_Dutsinma:
Da wuri ƙwarai, Hajiya. Ba ta gina sheƙa, ɗan gurbi take yi a tsakuwa ko gajeren ciyayi, ta saka ƙwai ɗaya zuwa uku, galibi biyu, masu dabbare-dabbare da suka saje da ƙasa. Namiji da mace suna karɓa-karɓar kwanci kwana 22 zuwa 27. Ɗan yana fitowa da gashi, bayan kwana biyu ko uku ya bar gurbin ya ɓuya kusa, cikin kwana 21 zuwa 24 ya tashi. Iyaye suna ci gaba da ba shi kifi har a kan hanya. A 1982 an sa wa wani ɗa zobe a Farne, cikin Oktoban shekarar aka same shi a Melbourne ta Ostireliya, sama da kilomita 22,000, wata uku da fara tashinsa. Ba ya fara nasa ƙwan sai ya shekara uku ko huɗu, kuma sukan kai shekara 30.

Inda ake asara shi ne a gurbin nan na ƙasa. Yanyawar ƙanƙara, ɓeraye, da wata dabba mai kama da tunku da ta tsere daga gonakin fata a Aislan da Sikotilan suna cinye ƙwai. Kariyarsu taron dangi ne: duk wanda ya kusanto, mutum ko dabba, sai su yi ta kai masa sara a ka har su fitar da jini. Masu aiki a wurin hula mai tauri suke sawa, ko su ɗaga sanda sama da kai, domin abin da ya fi tsawo suke sara. Wasu agwagin teku ma da gangan suke yin sheƙa a tsakiyarsu don su ci albarkacin wannan faɗa.

Babbar matsalar dai yunwa ce. Nutsonta bai wuce rabin mita ba. Abincin 'ya'yan wani siririn kifi ne mai maiƙo da ke ɓuya cikin yashin teku. In ruwa ya ɗumama kifin ya ragu ko ya yi ƙasa, tsuntsayen da ke nutso mai zurfi za su same shi, ita ba za ta samu ba. A tsibiran Shetland na Sikotilan an yi shekaru a jere daga tsakiyar shekarun 1980 kusan babu ɗan da ya tashi. Kudancin Aislan ya ga irin haka daga 2005. A wasu shekarun iyaye sun riƙa kawo wani dogon kifi mai tauri, ƙashi zalla, 'ya'yan su kasa haɗiyewa, a same su matattu da kifin jibge a gefensu. Birtaniya ta hana kamun siririn kifin nan a ruwanta na Tekun Arewa daga Maris 2024. Ga kuma murar tsuntsaye da ta kashe dubban tsuntsayen teku a Farne a 2022.

Gobarau_77:
Likita, maganar murar nan ta shafe mu, tunda a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Masu kaji kusa da dam su hana su shan ruwa ɗaya da tsuntsayen daji, kuma kada a taɓa mataccen tsuntsu da hannu tsirara.

Malamar_Halitta:
Haka ne. Sai batun zobe, domin shi ne abin da ɗan Katsina zai iya cin karo da shi a zahiri. In aka kama tsuntsu a koma ko tarko da zoben ƙarfe a ƙafa, ba na leƙen asiri ba ne, ba kuma asiri ba ne. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Mortensen, ya fara wannan aiki a 1899. A jikin zoben akwai lamba da sunan gari, kamar London, Helgoland, Stockholm, Arnhem ko Moskva. A juya zoben a hankali a ɗauki hoton kowane gefe har lambar ta cika, domin harafi ɗaya in ya ɓace ba za a gano tsuntsun ba. A rubuta kwanan wata, sunan wurin, da ko yana raye ko ya mutu. In yana raye kada a cire zoben, a sake shi da shi. In matacce ne a sa leda a hannu a cire, a miƙar da zoben a ajiye. Sai a aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, ko a shigar a shafin intanet na EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe ta Turai. Sukan amsa da inda aka sa zoben da shekarar.

A gaɓar Ghana da Senegal irin waɗannan zobba ne suka nuna yawan tsattsewar teku da yara ke kamawa da zarge da ɗan kifi a kan yashi.

Ɗan_Kusugu:
Allah ya saka da alheri. To in mutum yana son ya je ya tantance da idonsa a Daberam ko Sabke, wane wata ya fi, kuma wane lokaci na yini?

Masunci_Daberam:
Ka zo da sassafe kafin iska ta taso, ko bayan la'asar. Ka tsaya ta wajen da ruwa bai da zurfi, inda ciyawa ta fito, nan suka fi taruwa. In hazo ya yi kauri ba ka ganin komai.

Ɗalibar_Zuwoloji:
Malam, ka je sau biyu. Janairu don yawa, kuma shi ne watan da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, har da Hadeja da Nguru. Sannan tsakiyar Afrilu don ka ga sauya rigar. Madubi mai lamba 8x42 ya isa. Ka sa rana a bayanka, in ba haka ba duk baƙi za ka gan su. In ka ɗauki hoto, wanda tsuntsuwar ta buɗe wutsiya tana juyawa shi ne zai raba gardamar Yaya Mai'adua da Mai Taswira, sai ka turo shi nan tare da kwanan wata.